Intalok a Ƙarƙashin Lilo

Da ƙarewar zangon karatun nan na miƙa makullan sashen reno da nazare, na ajiye aiki. Waɗanda muka yi aiki tare sun san makarantar, sun san Hajiya mai makarantar, ba sai na kama suna ba. Wasu sun kira ni suna tambayar dalili, wasu kuma an riga an ba su wani dalilin daban. To ga nawa. Na rubuta shi ne musamman don malamai mata da masu reno da ke tsaye a filayen wasa daga Kawo har Barnawa, domin ranar da tsautsayi ya faɗa, su ake fara nuna wa yatsa.

Makarantarmu tana da lasisi, an sa shi cikin gilashi an rataye a ofis inda duk uban da ya zo biyan kuɗi zai gani. Ban raina shi ba. Kafin a samu sai da aka duba gini, da banɗaki, da takardun malamai, da rajista. Sai dai jami'an duba makarantu da safe suke zuwa, yara na cikin aji a jere, filin wasa an share shi fes babu kowa. Abin da ke faruwa a filin nan in an fita tara, wannan mu kaɗai muka sani.

Lokacin da na fara aiki yashi ne a filin, wanda tifa ke kawowa daga kogin Kaduna. Ba zan ce ba shi da matsala ba. Yara na komawa gida da shi cikin safa da kitso, iyaye na ƙorafi, kuliyoyin unguwa na ɓata shi da dare, damina kuma na kwashe rabinsa ta kai kwata. Sai a wani dogon hutu Hajiya ta sa aka kwashe shi gaba ɗaya aka shimfiɗa intalok ja da toka, aka yi wa lilo da abin sulu sabon fenti. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Hotonsa aka sa a allon talla na bakin titi.

Ranar da aka dawo hutu na same ta a ofis. Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, aikin ya yi kyau. Amma ina roƙon a cire na ƙarƙashin kayan wasan nan a mayar da yashi, ko da iya wurin ne." Ta ce, "Anti, ke dai kin cika tsoro. Yara ai Allah ke tsare su." Na ce haka ne, Shi ke tsarewa, amma mu Ya damƙa wa amanarsu daga safe zuwa azahar. Ta yi dariya ta ce in je in ji da ajina.

Ba da ka na yi maganar ba. Hukumar CPSC ta Amurka, mai kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a, tana da kundin ƙa'idojin filin wasa, kyauta ne a intanet, duk mai waya zai iya saukewa. A ciki an faɗa ƙarara cewa ba a kafa kayan wasa a kan siminti ko kwalta, har ma ciyawa da daɓaɓɓiyar ƙasa ba a yarda da su ba. Yashi kansa yana da iyaka: mai zurfin inci 9 yana kare kan yaro ne daga faɗuwar da ba ta wuce ƙafa 4 ba. Kuma shimfiɗar sai ta fita ƙafa 6 a kowane gefe, a gaba da bayan lilo kuwa sai ta ninka tsayin lilon sau biyu. A can ma, inda suke da waɗannan ƙa'idoji, yara fiye da 200,000 ake kai wa sashen gaggawa kowace shekara saboda raunin filin wasa, akasarinsu faɗuwa suka yi. Namu abin sulun ya fi ni tsawo. A Panteka aka ƙera shi don 'yan firamare, kuma ba na ganin laifin mai walda ko kaɗan, abin da aka ce ya yi shi ya yi, ƙarfensa ma mai kyau ne. Babu wanda ya ba shi awo, babu wanda ya ce masa 'yan shekara 3 da 4 za su hau. Na rubuta duk wannan a takarda na kai ofis, na ajiye kwafi.

A takarda ɗaya na kawo maganar yawan masu kula. Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta ce mai reno 1 ga yara 10 a ajin reno, malami 1 ga yara 25 a nazare. A cikin aji muna kusa da hakan, shi ya sa rajistarmu ba ta da tangarɗa. Amma da an buga ƙararrawar tara, aji uku ake saki lokaci guda, malamai kuma an ce su zauna su gama makin littattafai domin Hajiya ba ta son a tafi da su gida. Sai a bar nani guda da yara sama da 60. Lissafin da aka yi don yaran da ke zaune a kan benci shi aka ɗauka ya isa ga yaran da ke gudu, da hawa, da ture juna. Ai a fili ne ma ya kamata a ƙara hannu, ba a rage ba.

Wata rana cikin watan Maris abin ya faru. Nani ta durƙusa tana raba wasu 'yan mata biyu da ke kokawa a kan lilo, bayanta na ga abin sulu. A sama yara huɗu sun cunkushe a wurin da aka yi don mutum ɗaya, na baya ya turo, na gaba ya fita ta gefe. Ina aji na ji ƙarar, sannan shiru, sannan kukan. Duk wadda ta daɗe da yara ta san bambancin kukan rigima da wannan. Da na iso yana kwance a kan intalok, ɗan shekara 4, hannunsa na hagu ya lanƙwashe daga saman gwiwar hannu, wurin na kumbura ina kallo. Takalminsa ɗaya na can saman matakala. Baba maigadi ya kama yatsun zai ja don ya "daidaita", na ce, "Baba, don girman Allah kar ka taɓa." Na yage kwalin biskit na naɗe, na tallafe hannun yadda na same shi, na rataye da mayafina. Nani tana gefe jikinta na ɓari, ba abin da take maimaitawa sai innalillahi.

Na kira Hajiya. Ta ce in jira ta iso, kuma akwai mai ɗori a bayan layi, a kai shi can tukuna kar maganar ta yi girma. Ban jira ba. Na kira uwar yaron, na tare Keke, muka nufi asibitin Barau Dikko. Bayan hoto likita ya yi mana bayanin da har yau nake maimaita wa malamai: karaya a wannan gurbi tana cikin waɗanda yara suka fi samu in sun faɗo sun dafa da hannu, kuma jijiyar jini da ta motsi suna bi ta daidai wurin. In aka ja, ko aka ɗaure tamau alhali yana kumbura, jini na iya yankewa, yaro ya tashi da shanyayyen hannu har abada. Alhamdulillahi, an yi masa aiki, ya warke, yana riƙe fensir.

Abin da ya biyo baya shi ne ya raba ni da wurin. Washegari Hajiya ta kira ni, ta rufe ƙofa, ta ce in rubuta rahoto cewa nani na danna waya lokacin da yaron ya faɗo. Na ce, "Hajiya, wayar tata tana cikin durowar nan ta gabanki. Ke kika kafa doka a riƙa karɓar wayoyinsu da safe." Ta ce to in rubuta sakaci kawai, ba sai na fayyace ba. Na ce zan rubuta abin da ya faru: mutum ɗaya, yara sama da 60, abin sulu na manya, ƙasa intalok, ga kuma kwafin takardar da na kawo tun farkon zango. Ta dube ni ta ce, "Anti, ashe dama shiri kike yi mini." Wannan kalma ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Takardar da na rubuta don kar ɗan wani ya karye ita ta koma makirci.

Kafin azahar an sallami nani, an riƙe mata albashin rabin wata wai gudummawar kuɗin asibiti. Mace ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, daga Rigasa take tasowa tun duhun asuba, ita ke wanke kashin 'ya'yan mutane ba ta taɓa ɓata fuska ba. Aka tara iyaye aka ce an ɗauki mataki, an kori mai laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Iyaye suka gamsu, domin korar mutum abu ne da ake gani, kuma ba wanda ya leƙa ya tambayi me ke ƙarƙashin lilon. Uban yaron ne kaɗai ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malama, tsakaninki da Allah, yaya aka yi?" Na gaya masa. Daga ranar kuma na fara samun takardun tuhuma kan abubuwan da shekaru ba a taɓa ɗaga mini kai a kansu ba.

Muna da doka. Tarayya ta yi dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata ta walwala da kare yara a 2018. Amma ɗan shekara 4 ba ya kai ƙara, nani mai ɗan albashi ba ta da lauya, malama kuma tana tsoron rasa abincinta. Saboda haka abin da zan ce wa duk wadda ke riƙe da sashen ƙananan yara shi ne, in kin ga haɗari ki faɗa da ladabi, sannan ki rubuta, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi a gidanki. Ba za ta hana a tsane ki ba, ni shaida ce. Amma ranar da aka ce ki ɗora wa marar ƙarfi laifi, za ki sami abin tsayawa a kai.

Abu ɗaya da na samu na canza kafin in tafi shi ne tsayuwar tara. Na raba fita aji-aji, na sa kowace malama ta fito da nata. Ba zama a inuwar dogon yaro ana hira. Ɗaya a gindin matakalar abin sulu, hannunta na iya kai wa yaro, ɗaya a gefen lilo tana hana masu gilmawa, ɗaya ta ba katanga baya tana ganin fili duka har lungun banɗaki. Wadda za ta raka yaro fitsari sai ta kira sunan wadda ta bar wa wurinta, waccan ta amsa. Daga lokacin har na tafi ba mu sake zuwa asibiti ba, duk da intalok ɗin na nan.

Akwai maganar hijabi, wadda ba na jin ana yi. Ƙa'idojin Turawa suna gargaɗi kan igiyar wuyan riga da ke maƙalewa a saman abin sulu ta shaƙe yaro, mu kuma 'yan matanmu da dogon hijabi suke hawa, wasu da igiyar gorar ruwa a wuya. Na roƙi iyaye su ɗinka gajere mai tsayawa a ƙirji, a cire gora kafin a fita, kuma babu uwar da ta ƙi da na nuna mata kan kusar da ke iya kamawa. Ƙarfe a rana ta Maris da Afrilu yana ƙona cinya, ki ɗora bayan hannunki kafin ki bar su hau. Duk tazarar da ke tsakanin inci 3.5 da inci 9 a jikin kayan wasa tarko ce, jikin yaro zai wuce kansa ya maƙale, ki auna ki kira mai walda ya ƙara sanda. Ki duba ƙugiyar sarƙar lilo duk Litinin. Bokitin ruwa a buɗe ya isa ya halaka mai rarrafe, murfin rijiya da na ramin masai kuma a sa musu kwaɗo. Ki ƙirga yara in za a fita, ki ƙirga in an dawo. Lokacin tashi kar ki miƙa yaro ga fuskar da ba ki sani ba ko da ya kira shi kawu.

Nani ta sami aiki a wani gidan reno a Unguwar Rimi, ni na kai ta da kaina na tsaya mata. Na ji an ce an ɗauki sabuwar shugabar sashe a gurbina, ina yi mata fatan alheri, kwafin takardar kuma yana cikin koren fayil a durowa ta biyu in tana so ta sake kai wa ofis. Albashin rabin watan nan har yau ba a biya ba, kuma zan ci gaba da aika wa Hajiya saƙo a kansa duk ƙarshen wata.