Wata shida a Saliyo

A watan Disambar 2014 na bar teburina na jami'in sa ido kan cututtuka, na bi tawagar ma'aikatan lafiyar Najeriya da Tarayyar Afirka ta tura Laberiya da Saliyo don yaƙi da Ebola. Ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da cutar, shi ya sa muka tafi muna ganin mun san makamar aikin.

Wahalar farko a gida na sha ta. Fayil ɗina ya yi ta yawo daga wannan tebur zuwa wancan kafin a ba ni takardar izinin tafiya, ni kuma don ɗoki ban duba abin da ta ce game da ƙarin girma ba. Aka yi jarrabawar ƙarin girma ina can, shekara guda ta wuce ni. Duk ma'aikacin gwamnatin da zai fita irin wannan aiki, ya tabbata maganar albashinsa da matsayinsa tana rubuce kafin ya hau jirgi.

Gundumar Fot Loko ta Saliyo aka kai ni, ina bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, kowanne kwana 21. Ko'ina ka shiga ga bokitin ruwan kulorin a ƙofa, musabaha kuwa an daina.

Ranar da ba ta fita raina ita ce ta rasuwar wani dattijo. 'Ya'yansa suka ƙi kiran 117, lambar da ake kira a zo a ɗauki gawa. Ina tsaye nesa da babban ɗansa, ko kafaɗarsa ba halin in dafa. Ta bakin tafinta ya ce mini, "Ɗan'uwa, kai ma Musulmi ne. Za ka yarda a binne mahaifinka ba wanka?"

Na rasa ta cewa. Sai aikin shan inna ya faɗo mini a rai, yadda bayan ƙauracewar rigakafi ta 2003 a Kano muka koyi cewa ba a shiga gari sai an bi ta wurin liman da mai unguwa. Muka tafi gidan liman, muka zauna ya fi awa biyu. Shi ya shawo kansu. Masu rigar kariya suka yi wa mamacin taimama, suka sa masa likkafani, jama'a suka yi sahu daga nesa aka sallace shi. Washegari babban ɗan da kansa ya lissafa mana duk wanda ya taɓa mahaifinsa, har da matar da ta dama masa kunu.

Da na dawo gida a 2015, wani maƙwabcina ya janye hannunsa a masallaci da na miƙa masa nawa. Ban ga laifinsa ba, don na ga irin tsoron nan a fuskoki da yawa. Ranar da na koma ofis, abin da na fara yi shi ne buɗe sabon littafi, na shiga rubuta sunan limamin kowace mazaɓa da na masu wankan gawa, maza da mata.