Kiɗa da gem a kwamfuta ɗaya: inda jinkiri yake ɓuya

Laftof ɗaya ce nake haɗa kiɗa da ita, da ita kuma nake buga gem ta intanet: Windows, RAM gigabait 8, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Abin da na gane bayan dogon gwaji shi ne, matsalar da ke ɓata ayyukan biyu iri ɗaya ce, wato jinkiri. Mawaƙi ya buɗe baki, muryarsa ta dawo kunnensa a makare. A gem kuma, ka danna harbi ko bugun ƙwallo, sai bayan ƙiftawar ido abin ya faru. Duka biyun da milisakan ake auna su, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma yawancinsu ana iya rage su ba tare da an sayi sabuwar kwamfuta ba.

Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a jere kamar ruwan famfo, ɗiba take yi kamar mai ɗiban ruwa da moɗa. Girman moɗar shi ake kira bafa. A FL Studio ka danna F10, ka shiga sashen Audio, za ka gan shi. Idan aikinka yana kan 44,100 Hz, wato ɗigon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa, bafa 128 jinkirinsa milisakan 2.9 ne, 256 ya ba da 5.8, 512 ya ba da 11.6, 1024 kuma 23.2. Wannan na hanya ɗaya ne. Muryar da ta shiga ta makirufo sai ta sake fitowa ta hedifon, don haka ka ninka, har da ɗan ƙari. Sauti yana cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya, to mawaƙin da ka sa wa bafa 512 yana jin kansa tamkar daga mita takwas ake maido masa da muryar. Shi ya sa yake ta jan baiti a baya, kai kuma kana zaton bai iya bin kiɗa ba.

Ina ɗaukar murya a 128 ko 256, in koma 1024 idan na zo gyara da daidaita sauti. Ƙaramar moɗa tana sa kwamfuta yawan kai-komo, in nauyi ya yi mata yawa sai ka fara jin ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa. Maganinsa shi ne ka fitar da kiɗan gaba ɗaya a fayil ɗaya na WAV, ka buɗe sabon aiki da ba komai a cikinsa sai wannan fayil da makirufo. In kana da sawun kad, wato akwatin da ke haɗa makirufo da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett ko Behringer, yi amfani da direban ASIO nasa, ’yar manhajar da ke kai da kawo sauti da ƙarancin jinkiri. In babu, ASIO4ALL kyauta ne, sai dai yakan riƙe sautin kwamfutar shi kaɗai, don haka in ka buɗe gem ka ji shiru, duba ko FL Studio na buɗe a baya. Yawancin sawun kad suna da maɓallin da ke kai murya kunne kai tsaye ba ta bi ta kwamfuta ba, jinkiri ya kau. Amma mawaƙanmu da yawa suna son jin Auto-Tune, manhajar daidaita amon murya, a kunne lokacin da suke rerawa, wannan kuwa dole sai ta kwamfuta, shi ya sa dabarar sabon aikin ta fi yi mini amfani.

Sai gurnanin wuta. Lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar takan shigo cikin sauti a 50 Hz, ta haifi ’ya’ya a 100 da 150. Gwajin ba wuya: sa hedifon, ɗaga ƙarar makirufo, ka zare caja. In gurnanin ya ɗauke, daga soket yake, sau da yawa don wayarin ɗin gidan ba shi da waya ta uku mai sauka ƙasa. Ni dai a batir nake ɗaukar murya, in mayar da caja bayan an gama. Janareta kuwa ta hanya biyu yake shigowa, ta iska da ta waya, ko ka kai shi nesa da ɗaki bai bar ka ba. Abin da ya riga ya shiga, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz da ikwalaiza, abin rage ko ƙara wani sashen sauti, murya ba ta rasa wani abin kirki a can. Manhajar Audacity na iya rage ragowar idan ka bar daƙiƙa biyu na shiru a farkon ɗauka don ya gane hayaniyar ɗakin, amma kada ragin ya wuce desibel 6 zuwa 12, desibel shi ne ma’aunin ƙara. In ka matsa, muryar za ta koma kamar ana magana a cikin randa.

Ɗakin siminti yana amsa-kuwwa. Katifa a jingine bayan mawaƙi, bargo mai kauri a gefe, darduma a ƙasa, sun fi kwalin ƙwan da ake mannawa a bango aiki nesa ba kusa ba. A kashe fanka ko da ana zafi, a ɗauki baiti, a kunna ta a huta. Tsakanin baki da makirufo taƙi ɗaya, da matacin iska a tsakiya saboda hucin “f” da “b”. Ƙarar ta riƙa tsayawa tsakanin desibel -12 da -6 a ma’aunin manhajar, kada ta taɓa ja, domin murya in ta fashe a wurin ɗauka ba ta gyaruwa. Makirufon kwandensa sai an kunna masa wutar 48V ta sawun kad, in ba haka ba ko dai shiru ko murya can ƙasa-ƙasa.

Rimis, wato ɗora muryar wata waƙa a kan sabon kiɗa, shi ne inda na fi ɓata lokaci, kuma a nan ne ka’idojin da ake koyarwa a bidiyon waje suka fi kasa mu.

Da farko, nemi asali mai kyau. Waƙar da ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, aka matse ta sau da yawa, duk abin da ka ɗora a kanta zai tona lalacewarta. Daga nan sai raba murya da kiɗa. Ultimate Vocal Remover kyauta ne, FL Studio ma daga sigar 21.2 yana da nasa a ciki. A waƙar fiyano ta sitidiyo suna rabawa da kyau. A kiɗan gargajiya kuwa na sha ganin kalangu ya biyo murya, domin makaɗi yana matsa tsarkiya yana saki, amon yana hawa yana sauka kamar magana, manhajar ta ɗauka mutum ne. Haka goge da kukuma. ’Yan amshi ma tare da jagora suke fitowa. Babu maɓallin da zai gyara wannan, sai ka bi da hannu, ka rage ƙara a gurbin da mawaƙi ya yi shiru. Wani lokacin ma barin kalangun ya fi cire shi daɗi, sai in gina sabon kiɗan a kewayensa.

Abu na biyu, ƙirga. FL Studio yana buɗewa da bugu a rabe gida huɗu, alhali kiɗanmu da yawa bugu ɗaya gida uku yake rabuwa. In ka ɗora murya mai tafiyar uku a kan bit mai tafiyar huɗu, ko da saurinsu ya zo ɗaya, za ka ji suna taka juna. Ka tafa hannu tare da waƙar, ka ƙirga a baki. In “ɗaya-biyu-uku” ne ke zama daidai a kowane bugu, ka sauya ma’aunin layukan zuwa 1/3 ko 1/6 na bugu kafin ka ajiye ganga ko ɗaya.

Sannan tsofaffin ɗauka ba a yi su da na’urar ƙirga lokaci ba. Waƙa takan fara a nitse, kiɗa ya yi zafi, sauri ya ƙaru, don haka lambar BPM ɗaya, wato adadin bugu a minti, ba za ta riƙe ta daga farko har ƙarshe ba. Ina yanka muryar layi-layi, daidai inda mawaƙi ya ja numfashi, in ajiye kowane layi a kan bugunsa, in ja shi ko in matse shi kaɗan. Da zarar jan ya wuce kashi goma cikin ɗari, murya takan fara rawa. Kuma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci gare mu: a Hausa tsawon wasali da hawa da saukar murya suna sauya ma’ana, karin waƙa kuma a kan gaɓa mai nauyi da mai sauƙi yake tafiya. In ka ja kalma ɗaya ita kaɗai don ta cika gurbi, kana iya mayar da gajeren wasali dogo, Bahaushe ya ji nan take cewa ba haka ake faɗa ba. Layi gaba ɗaya nake ja, ba na taɓa cikin kalma.

Haka batun amo. Kaset da ya tsufa, ko mawaƙin da bai bi fiyano ba, muryarsa takan faɗa tsakanin maɓallai biyu. Tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa akwai ƙananan matakai 100. Ka nemo inda muryar take hutawa a ƙarshen layi, ka gwada da fiyano, in ka ji ta ɗan yi ƙasa, ka saukar da kayan kiɗanka da matakai 20 ko 30 har su haɗu. Kiɗa ake kai wa murya. In ka tilasta wa tsohuwar murya Auto-Tune, ka kashe lanƙwasar da ta sa ake sonta. Don maimaicin murya kuwa, raba 60,000 da BPM: a saurin 100, milisakan 600 ne bugu ɗaya, 200 kuma kashi ɗaya cikin ukunsa.

Waƙar tana da mai ita. Kafin ka ɗora a YouTube ko Audiomack ka nemi izinin mawaƙin, ko iyalinsa in ya rasu. YouTube na da tsarin Content ID mai gano waƙar wani ko da an sauya mata kiɗa, amma ko bai gano ba, haƙƙi yana nan.

Da na gama haɗawa, a waya nake fara saurare, sannan a ƙaramar lasifikar Bluetooth, domin a nan mutanenmu za su ji ta. Lasifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, wanda ya girgiza hedifon sai ya ɓace. Ɗan ƙona shi kaɗan da Fruity Soft Clipper ko wani abin da ke ƙara masa kaushi, sai ya bayyana. Ka bar desibel ɗaya a ƙasa da sifiri, kada ka yi ta gasar ƙara, Spotify ma saukar da waƙa yake zuwa wajen -14 LUFS, ma’aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya. WAV na ajiya, MP3 320 na rabawa.

A gem, lambar da ake kira ping ita ce lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je uwar garke, babbar kwamfutar da ke gudanar da wasan, ya dawo. Wani ɓangarensa ba ya raguwa. Haske a cikin igiyar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, igiyar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal kuma kusan 7,000. Zuwa da dawowa 16,000 ke nan, milisakan 80, tun kafin a sa tafiyar cikin Turai da tsalle daga waya zuwa eriya. Don haka mai bugawa daga Arewa a uwar garken Turai, in ya ga ɗari da ’yan kai, layinsa lafiya yake. In gem ɗin ya ba da zaɓi, ka gwada Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka ta Kudu ɗaya bayan ɗaya, domin kusa a taswira ba shi ne kusa a igiya ba.

Abin da ke hannunka shi ne tsallen lambar. Ping 140 da ya tsaya cak ya fi wanda ke yawo daga 90 zuwa 300, domin hannu yana sabawa da jinkirin da bai sauyawa. Buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta ping 8.8.8.8 -n 50, ka duba tazarar mafi ƙanƙanta da mafi girma, da adadin da ya ɓace. In tazarar na da faɗi, ka haɗa waya da kwamfuta ta kebul ɗin USB maimakon Wi-Fi, ko ka sa kebul daga rauta. Ka ajiye wayar a taga inda sabis ya fi ƙarfi. Ka tabbata ba abin da ke hawa intanet a lokacin: waƙa ɗaya ta WAV da kake turawa, ko hotuna da ke tafiya Google Photos, sun isa su toshe hanyar fita, ping ya yi sama. Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa ce ke cinye gigabait, don haka ka nuna wa Windows cewa layinka na awo ne, ka bar saukarwa sai cikin dare.

Kada ka haɗa wannan da sanɗar hoto. Hoto 30 a daƙiƙa yana nufin milisakan 33 tsakanin kowane biyu, 60 kuma wajen 17. In ping na ƙasa amma wasan na tsinkewa, kwamfutar ce ta gaji: rage inuwa, sauko da girman hoto zuwa 720. Hedifon na Bluetooth kuma yakan ƙara jinkiri fiye da milisakan ɗari, a gem ka ji takun abokin gaba bayan ya iso, a ɗaukar murya kuwa ba ya amfani sam. Mai waya nake sawa a duka biyun.

Ayyukan biyu suna cin juna. Manhajojin ’yan gem irin Steam da Discord suna tashi tare da kwamfuta su zauna a baya suna cin RAM, sai ka zo kiɗa ka ji ƙas-ƙas. Ctrl+Shift+Esc, sashen Startup, ka kashe su. Wi-Fi ma nakan kashe shi lokacin ɗauka, domin direbansa kan katse sauti, manhajar LatencyMon za ta nuna maka in shi ne. Da ka zare caja Windows kan rage gudun kwamfuta don ajiyar batir, sai ka mayar da tsarin wutar kan mafi ƙarfi da kanka.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, cikin laftof kan kusanci 90 zuwa 100, a nan take rage gudunta don kada ta ƙone. Alamarsa ita ce komai ya tafi daidai minti goma sha biyar, sannan ya fara sanɗa. Kada a ɗora ta a katifa ko darduma. Ka ɗaga bayanta da murfin gora biyu iska ta ratsa. Bayan hunturu ka buɗe ƙasanta, za ka tarar da ƙura ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da ƙarfen fitar da zafi. Ka riƙe fankar da yatsa kada ta juya, ka share da busasshen buroshi mai laushi, in man da ke kan furosesa ya bushe ya farfashe, ka goge shi ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.