Daƙiƙa talatin na gudun ceton rai, da abin da sikeli ya nuna mini

Ranar da na fara, zagaye uku kawai na iya yi. Na hau keken motsa jiki, na taka da iya ƙarfina na daƙiƙa 30, na huta minti huɗu, na sake. A na ukun sai da na kwanta a ƙasa ina haki, zuciyata na tashi, cinyoyina kamar ba nawa ba. Da na dawo hayyacina na duba agogon hannuna in ga kalori nawa na ƙona, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ya yi amfani da shi, sai jikina ya yi sanyi. Tafiyar awa guda da nake yi da yamma ta fi shi.

Abin da ya ja ni tun farko shi ne binciken Martin Gibala na Jami'ar McMaster da ke Kanada. A 2016 shi da abokan aikinsa sun sa mutanen da ba su saba motsa jiki ba suna taka keke da cikakken ƙarfi na daƙiƙa 20 sau uku, cikin atisayen minti 10, sau uku a mako. Bayan makonni 12, ƙarfin numfashinsu da yadda jikinsu ke amsa insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, sun inganta kusan daidai da na masu taka keke a hankali na minti 45. Ni kuwa da na karanta, abin da kunnena ya ji shi ne tumbi zai narke. Laifina ne, ba abin da suka faɗa ba ke nan.

A cikin waɗannan daƙiƙoƙi tsoka ba ta da lokacin jiran kitse. Kitse yana buƙatar iskar oksijin kafin ya ƙone, kuma a hankali yake ba da ƙarfi. Don haka tsoka na fara wawurar ɗan abin da ta tanada na gaggawa, wanda ke raguwa sosai cikin kusan daƙiƙa 10, sannan ta koma kan sukarin da ta adana, wato gilaikojin. Kitse sai bayan an sauka yake shigowa, lokacin da adirenalin, sinadarin da jiki ke saki idan ya shiga aiki mai tsanani, ya fito da shi daga ma'ajiyarsa zuwa jini, jiki kuma yana biyan bashin iskar da ya ci.

Wannan bashin ne ake ta kambamawa, wai kana zaune kana ƙona kitse har gobe. Akwai shi, amma masu bincike sun kiyasta shi tsakanin kashi 6 zuwa 15 cikin ɗari na abin da atisayen ya ci. A ce zama ɗaya ya ci kalori 200, ƙarin bai wuce 30 ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuwa yana ɗauke da kusan kalori 7,700. Na yi lissafin a takarda, na yi wa kaina dariya.

Duk da haka ban daina ba. Amfanin atisayen yana cikin tsokar kanta: mitokondiriya, waɗannan ƙananan injinan da ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin jiki, suna ƙaruwa, sai jiki ya fi iya sarrafa kitse da sukari. Na kuma lura yunwa takan ɗauke mini na ɗan lokaci bayan na gama, kodayake da dare takan dawo da ƙarfinta.

Wata biyu sikeli bai motsa ba, amma na daina tsayawa hutu a matakalar bene. Sai da na rage cin dare, na dawo da tafiyata ta yamma, sannan bel ɗina ya matsa rami ɗaya. Yanzu sau biyu nake hawa keken a mako, zagaye huɗu, bayan na ɗumama jiki na minti biyar, kuma a wajen motsa jikin nakan cire agogon in jefa shi a jaka.