Fankar hita ta mutu min a tsakiyar sanyin Winnipeg

Kafin in bar Gombe ban taɓa murɗa hita a mota ba ko sau ɗaya. Mu da muke fama da zafin watan Maris da Afrilu, abun da muka sani esi ne, in ya lalace ka sauke gilashi ka ci gaba da harkarka. Ko sanyin hunturu ya matsa, jaket ka sa shikenan. Da wannan tunanin na sauka a Winnipeg, babban birnin Manitoba a Kanada, inda a watan Janairu sanyi ke kaiwa digiri 30 ƙasa da sifili, motoci ma da daddare sai an jona musu waya da lantarki dan kar inji ya daskare.

Bayan wata biyar da zuwa na sayi Corolla ta hannu, sabida aikin dare nake a wani babban sito kuma jiran bas da asuba a wannan sanyin ba ƙaramar azaba bace. Tun watan Nuwamba na lura fankar bata aiki a lamba 1, 2 da 3, sai na kaita 4 take tashi da ƙara kamar injin niƙa. Nace ai tunda tana hurawa ba matsala. Wata safiyar Janairu na taso aiki na tada mota, na murɗa har ƙarshe, shiru. Ko ɗan motsi babu.

Jama'a, anan fanka ba kayan jin daɗi bace. Numfashinka kawai ya isa ya rufe gilashin gaba ta ciki, cikin minti kaɗan tururin ya zama ƙanƙara, kuma iska mai zafi da fankar ke turawa ce kaɗai ke narkar da ita. Haka na tuƙo gida gilashin gefe a buɗe, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya ina kankare gabana da katin banki, yatsuna sun daina jin komai, sau uku ina tsayawa a gefen titi. Da na iso matata ta kalli fuskata tace wallahi ba za'a saka mata 'ya a motar nan ba sai an gyara, kuma gaskiyarta ne.

Na kira gareji biyu. Anan da awa ake lissafin kuɗin aiki, dubawa kawai ma kuɗi ne, gashi sai an baka rana. Ga haya ga kuɗin da ake turawa gida. Sai na tuna Baffa, ƙanin mahaifina, rewaya ne a hanyar Dukku sama da shekara 30, tun ina firamare nake riƙe masa fitila in anyi hutu. Awa 7 ce tsakaninmu a wannan lokacin na shekara, ƙarfe 9 na safe a wajena su sun idar da la'asar kenan. Na kirashi bidiyo ta WhatsApp.

Bayan gaisuwa nace Baffa Allah ya ƙara girma, matsalar hita ce, ban sani ba ko kun saba da ita. Yace ɗana ai fanka ɗaya ce, wadda ke huro maka sanyin esi ita ke huro zafi. Zafin daga ruwan inji yake zuwa, yana bi ta wani ƙaramin lagireto a bayan dashbod, ita fanka aikinta tura iska ta cikinsa kawai. Yace da ace iska na fitowa amma da sanyi, da sai mu nemi ruwan lagireto ko tamostat, amma tunda iskar ce babu gaba ɗaya to maganar wuta ce.

Ya sa na fara da fis. Na buɗe akwatin, na bi zanen da ke jikin murfin na zaro na hitar na ɗaga masa a haske, lafiyarsa ƙalau. Anan ya ja min kunne sosai, yace ko da ya ƙone kar in kuskura in naɗa masa waya irin yadda wasu yara keyi a gareji, fis baya ƙonewa haka kawai, kuma motoci nawa ya gani sun kama da wuta ta haka. Sai rile, ɗan makunnin da ke sakar wa fankar wuta, yace in samu wani mai lamba iri ɗaya a akwatin in musanya su in gani. Na musanya, shiru dai.

Sai ya tambayeni, kafin ta mutu ya take yi? Da na bashi labarin lamba 4 yace to ai tun lokacin ta faɗa maka. Akwai rizisto kusa da fankar, shi ke rage wuta dan a samu 1, 2, 3, amma lamba ta ƙarshe wutar batir ce kai tsaye bata bi ta kansa. In kaga ta ƙarshe kaɗai ke aiki, rizisto ya ƙone. Yanzu kuma da ta ƙarshen ma ta tsaya, zargi ya koma kan ɗan injin lantarkin da ke juya fankar. Yace in bar makulli a kunne, in leƙa ƙarƙashin dashbod ta gefen fasinja, in ɗan bubbuga gindinta da ƙotar sukundireba. Bugu na uku ta tashi da wani irin kuka, ta juya kaɗan ta sake tsayawa. Baffa yace kabon ɗin ciki, wanda ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa, ya cinye, ta daɗe tana jan wuta fiye da ƙima, ita ta kashe rizisto ɗin, in na canza shi kaɗai sabon ma ƙonewa zai yi.

Duk wannan a hankali mukayi shi, dan minti 10 ne iyakar abun da hannu zai jure ba safa, sai in ruga cikin gida in ɗumama in dawo, wayar ma sau biyu tana mutuwa dan sanyi.

Washegari naje inda ake tara matattun motoci, kai zaka shiga da kayan aikinka ka kwance abun da kake so ka biya a ƙofa. Na samo fanka, rizisto kuma na sayi sabo. Wani maƙwabcina ɗan Sudan da muke haɗuwa a masallaci ya bani aron garejinsa mai ɗumi. Kusoshi uku ne ke riƙe da fankar da soket ɗaya, wahalar kawai kwanciyar rigingine kai a ƙasa. Da na zaro matatar iskar da ke bayan akwatin gaban fasinja kuwa, cike take dam da busassun ganyen kaka, Baffa yace wannan ma na cikin masu laifi, dan iskar da ke wucewa ce ke sanyaya rizisto. Na canza ta ita ma.

Na murɗa lamba 1, iska ta fito a hankali ba ƙara. Na kara masa wayar a bakin ramin iskar dan yaji, yace Alhamdulillah, sannan yace in juya kyamara in nuna masa ƙanƙarar nan da ake ta faɗa. Na buɗe ƙofar garejin na nuna masa titi fari fat har ƙarshen layi. Ya daɗe yana kallo, ya kira yaransa na gareji suma suzo su gani.