Watanni huɗu na rani a Gashaka

Sana'ata kai mutane daji ce. Ina da Hilux ɗaya da yara biyu da wani ɗan shago a Jalingo, kuma kusan duk abincinmu na shekara daga gandun dajin Gashaka-Gumti yake fitowa, tsakanin Disamba da Maris. Da damina ta kankama koguna suka cika, hanyar ciki takan yanke, sai motar ta koma dakon masara.

Mukan bi ta Bali mu sauka Serti, inda hedikwatar gandun take. A can ake yankar takardar shiga, a haɗa mu da ma'aikacin daji mai rakiya. Ko nawa baƙo zai ba ni, ba ya taka dajin nan sai da shi, don babu gandun da ya kai shi girma a Najeriya, ɓata ba wuya.

Matasa sun fi zuwa don hawan Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419, dab da iyakar Kamaru. Tafiyar kwanaki ce a ƙasa, da 'yan dako da tukunya da garin rogo. Akwai kuɗi a ciki, amma ni masu kallon tsuntsaye ne suka sace mini zuciya.

Bara na kai wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Zariya. Da idar da sallar asuba ya sa muka zauna bakin kogin Kam, da madubin hangen nesa a wuyansa da ɗan littafi a cinya. Wayata ta yi ƙara, ya ce, "Ɗana, kashe ta." Rana ta ɗaga, ƙudan tsando na cizonmu, bai ko motsa ba. Can sai ga burtu biyu sun fito daga ciyawa suna takun ƙasaita. Ya miƙo mini madubin, hannunsa na rawa. Shekara shida ina wuce burtu a hanya, ranar na fara ganin gashin idonsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne mutanenmu da za su bugo waya su ce, "Akwai zaki?" In na ce ba na alkawarin zaki, amma akwai tsuntsaye sama da iri 500, da dorina da ɓauna, sai su ce za su sake kira. Duk da haka bana na sayo madubin hangen nesa biyu na hannu a Kano, na ajiye a mota don baƙin da ba su da nasu. Malam ma ya aiko cewa zai dawo a Janairu da jikokinsa uku.