Shirin shiga jami'a daga aji huɗu yake farawa

Aikina a makarantar sakandare a nan Jos shi ne zama da ɗalibai da iyayensu kan maganar karatun gaba. Yaron da maki ya kayar yana da sauƙin lallashi, ya sake zama baɗi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai maki masu kyau da ya rasa gurbi saboda takarda ko zaɓin darasi, abin da da an duba tun da wuri an gyara.

Shi ya sa nake farawa da 'yan aji huɗu, lokacin da ake raba su zuwa kimiyya, fasaha da kasuwanci. Jami'a tana neman kiredit biyar, har da Turanci, da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu na WAEC ko NECO. Kiredit yana tsayawa a C6. D7 ba ta shiga lissafi. Kuma ba kowane biyar ba. Likitanci sai da fiziks, kemistiri da bayoloji, wurare da yawa ma a zama ɗaya suke so. Injiniya sai lissafi, fiziks da kemistiri. Lauya kuwa sai da adabin Turanci, kuma nan ne yaranmu suka fi faɗawa rami: yaro ya ajiye adabi a aji huɗu don littattafan sun yi masa yawa, a aji shida ya ce shi lauya zai zama. Nakan sa kowa ya rubuta kwas biyu da yake so, mu buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, mu gwada da darussan da yake ɗauka.

A aji biyar sai takardu. Kowa ya kawo takardar haihuwa da ta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, mu bi suna harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. A'isha a ɗaya, Aishatu a ɗaya. Wani sunan kaka ya shiga gaba, na uba ya koma baya. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma abin da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, shi JAMB take ɗaukowa. Idan ya saɓa da sunan da makaranta ta tura wa WAEC, a wurin tantancewa za a gane, lokacin da gyara ya yi nisa. Gyaran NIMC ba ya son gaggawa, don haka a yi shi shekara guda kafin rajista. A duba ranar haihuwa ma, domin ƙa'ida ita ce shekara 16 kafin shiga jami'a. Sai jiha da ƙaramar hukumar asali. A Jos kowa ya san wannan magana tana da nauyi. Shawarata ga iyaye ɗaya ce: a rubuta inda za a iya samo wa yaro takardar shaidar asali, kuma a karɓo ta kafin a cike fom.

Rajista takan zo a farkon shekara, cikin sanyin nan namu. Ana tura kalmar NIN da lambobinta 11 zuwa 55019 ko 66019, a samu lambar da za a sayi fom da ita. Layin wayar da aka yi wannan da shi ya zama na yaron shi kaɗai. Kada a yi da layin mai shagon intanet, kada a yi da wanda yayansa ya taɓa rajista da shi, kuma kada a bari ya mutu, domin da shi ake duba sakamako. A je cibiyar da JAMB ta amince da ita, yaro ya karanta abin da aka cike da idonsa kafin a tura. 'Yan mata kuma a haƙura da lalle makonni kafin rajista da kafin jarrabawa, ko da bikin gida ne. Na'urar ɗaukar zanen yatsa takan ƙi karanta yatsan da ya sha lalle.

Jarrabawar kanta darasi huɗu ce, maki 400. Tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da bai saba da kwamfuta ba a nan lokaci yake cinye shi, don haka ina sa su yi tsofaffin tambayoyi a kwamfuta da agogo a gabansu, su kuma zauna jarrabawar gwaji ta JAMB.

Wurin zaɓen makaranta nake shan muhawara da iyaye. Kowa Jami'ar Jos yake so, kuma likitanci. Nakan ce, "Alhaji, makin da JAMB take sanarwa kowace shekara na shiga layi ne kawai, kowane sashe yana da nasa." Jami'o'in tarayya suna raba gurbi kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma masu zaɓin farko suke fara dubawa. Idan sakamako ya fito bai kai ba, a canza kwas ko makaranta da wuri. Akwai jami'ar jiha a Bokkos, kwalejin kimiyya da fasaha a Barikin Ladi, kwalejin gandun daji a cikin Jos, da ta lafiyar dabbobi a Vom. Akwai kuma IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a idan ya ci.

Wanda ya yi rajista kafin sakamakon WAEC ko NECO ya fito, dole ya koma cibiya a ɗora shi a CAPS, manhajar da JAMB take ba da gurbi ta cikinta. Idan babu shi, sunansa ba zai fito ba komai makinsa. Ya sayi fom ɗin tantancewa na makarantar da ya zaɓa, ya riƙa leƙa CAPS duk mako, in gurbi ya zo ya danna karɓa kafin wa'adi ya wuce. Gurbin da wani "mai hanya" ya samo ba ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma sai an zo tafiya bautar ƙasa yake tona kansa.