Kwalaben da na ɓoye wa likita

'Yar ƙanena ce ta roƙe ni in raka ta asibitin yara, ɗanta na fama da zazzaɓi da tari. Muna kan layi na ga ta cusa wasu kwalabe biyu can ƙasan jaka. Na ce mene ne haka? Ta ce, "Goggo, in likita ya gani faɗa zai yi." Gabana ya faɗi, don ni ma na taɓa wannan wautar.

Ɗana na biyu bai kai shekara ba a lokacin. Jikinsa ya yi zafi, na ba shi farasitamol, na haɗa da maganin mura, na ɗauko ragowar amoksisilin da yayarsa ta bari na ɗura masa. Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka nufi asibiti. Likita ya ɗage masa riga, ya ga yadda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa duk jan numfashi, ya kafe agogo da ido yana ƙirge. Daga baya na san abin da yake nema: numfashi 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11 alamar ciwon huhu ce. Ya ce, "Me aka ba shi a gida?" Na ce ba komai. "Yaushe ya fara?" Na ce jiya. Duk ƙarya.

Ni ma dai ina da hujjata. Matar da ta shiga kafin ni ta sha faɗa har muna jiyowa daga waje, kuma wa ke so a mai da ita sakarya a gaban mutane? Ai ba mugunta na yi ba, sauƙi nake nema wa ɗana. Amma wata nas ta hangi kwalaben a jakata cikin dare, ta karanta jikinsu, ta dube ni. Ashe maganin murar ma akwai farasitamol a ciki, wato ninki biyu nake ba shi, kuma hanta ce ke ɗaukar wannan nauyin. Ta ce amoksisilin ɗin kuma yakan hana ƙwayar cuta fitowa a gwajin jini. Yaron ya tashi, alhamdulillahi, amma har yau in na tuna jikina yakan yi sanyi. Ko da yake, da likitan ya saki fuska kaɗan, da na faɗa masa.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ga abin da ya saura. Ku zube wa likita kwalaben a kan tebur, ku faɗi ainihin ranar da ciwo ya fara. In ya yi faɗa ku shanye, faɗa ba ya fasa jiki. A'a, kar ku shanye duka, ku tambaye shi nawa za a ba yaro, don da nauyinsa ake lissafa farasitamol, kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24.

Sannan ku ajiye wayar nan! Kun karanta layi uku a intanet kun zama likitoci. Mu jahilci ya sa muka yi, ku fa? To, ko hoton kwalbar ku ɗauka da ita, tunda ba kwa iya rabuwa da ita.